Lissafin Fushin Farfesa

Atishawa ce ta haɗa su.

Auta tana zaune a ɗakin gwaje-gwajen da ke ƙarƙashin ginin sashen nazarin ƙasa, idonta a kan madubin ƙara girma, tana tsintar ɓawon wasu halittun teku da ba su kai ƙwayar yashi ba, da ɗan siririn burushi mai laima. Mako guda ta yi tana tara su a wani baƙin faranti. Sai ga sabon ɗalibin digiri na uku ya shigo da sallama, ya sunkuya ya ga abin da take yi, sanyin ɗakin ya daki hancinsa.

Halittun nan sun yi shekara dubu ɗari huɗu kwance a ƙasan teku ba wanda ya dame su. Kafin ƙiftawar ido sun watse a kan siminti.

Ta ɗago ta dube shi, shi ma ya dube ta. Zukata biyu sun buga a lokaci guda, babu shakka: tata don haushi, tasa don tsoro.

"Ba ka ce alhamdulillahi ba," in ji ta. "Ka kyauta, don ni ma ba ni da niyyar yi maka addu'a."

"Don Allah ki yi haƙuri. Zan tsince miki su duka."

"Yaushe?"

Ya dubi ƙasa, ya dubi tsintsiyar da ke bayan ƙofa, ya sosa ƙeya.

"Sai gobe."

Daga ranar sunan ya bi shi. Har mai gadin ginin bai san yana da wani ba.

Ɗakin ba wurin da soyayya za ta zaɓa da kanta ba ne. Taga ɗaya gare shi, can sama daidai da daɓen titi, ba a ganin komai ta cikinta sai ƙafafun masu wucewa. Auta ta san rabin jami'ar ta takalmansu. A jikin bango akwai dogon firij cike da bututan laka da aka haƙo daga ƙasan teku, yana gurnani dare da rana kamar tsohon da aka hana magana. Mai ɗakin, mai lakar, kuma mai Auta, shi ne Farfesa, mahaifinta.

Abin da Farfesa ya ƙarar da rayuwarsa a kai ba shi da wuyar faɗa. Sau da yawa ƙanƙara ta taɓa lulluɓe arewacin duniya, ta yi dubban shekaru tana taruwa, sannan ta narke. Abin da ke kaɗa mata ƙararrawa kuwa yadda duniya ke kewaya rana ne, don ba tafiyar soja take yi ba. Karkatarta takan ƙaru ta ragu duk shekara dubu arba'in da ɗaya. Tana kuma layi kamar katantanwar da ta kusa faɗuwa, zagaye guda a shekara dubu ashirin da 'yan kai. Hanyar tata ma takan miƙe kamar ƙwai ta dawo kusan da'ira, a shekara dubu ɗari. Duk wannan kai-komo bai ƙara wa duniya wani hasken kirki ba. Raba shi kawai yake sakewa, lokacin zafi na can arewa ya ɗan fi zafi ko ya ɗan gaza. Su kuma 'yan ɓawon da Auta ke tsinta, a jikinsu ake karanta yawan ƙanƙarar zamaninsu.

Wasu yara da tatsuniya aka yaye su. Auta da wannan aka yaye ta.

Yayyenta duk sun yi aure sun watse. Mahaifiyarta ta shiga ɗakin tiyata da ƙafarta shekarun baya, ba ta fito da ita ba. Aka bar Auta da digiri biyu, da uba ɗaya, da hanya ɗaya: daga gida zuwa ɗakin ƙarƙashin ƙasa da safe, a motar da ita ke tuƙawa, daga ɗakin zuwa gida da yamma. Sau biyu wani jirgin bincike na masu haƙo laka a teku yana ba ta gurbi. Sau biyu Farfesa yana cewa, "Ba yanzu ba." Bai taɓa cewa a'a ba a rayuwarsa. Mutum ne mai ilimi, ya san a'a ana iya ɗaukaka ƙara a kanta.

Sai Gobe kuwa ya cika alkawari, ko da yake ba gobe ba. Ya durƙusa da burushi da fitilar waya yana bin tsagar siminti, har ya tsinto abin da ya tsinto, rabinsa ƙura. Auta ta duba farantin a madubi, ta ce, "Wannan ɓawo ne, wannan yashi ne, wannan kuma ina jin ƙafar kyankyaso ce." Ta yi dariya, ita kanta ta ji sautin baƙo a kunnenta.

Daga nan aka ba shi kujerar da ke kusa da tata. Mutum biyu da ke kallon madubi ba sa kallon juna, saboda haka sukan faɗi abin da ba za su iya faɗa ido da ido ba. Ta gaya masa tana mafarkin teku alhali ba ta taɓa ganinta ba sai lakarta. Ya gaya mata shi tun yana yaro ba ya shiga ruwa sai ya taɓa da yatsa sau uku. Ya fara ajiye mata rigar sanyinsa a bayan kujera. Ta fara ajiye masa hankici kusa da faranti.

Saƙonsa na farko da ya wuce maganar aiki ya ce:

"Bazarata, kin isa gida lafiya? Tun da kika fita firij ɗin nan ya ƙara sanyi. Na duba ma'auni bai canja ba, to matsalar daga ni ce."

Ta amsa:

"'Yan matan duniya ana ce musu zuma, ana ce musu tauraruwa, ni an ce mini bazara. Zufa ke nan da ƙuraje. Na gode."

Ya rubuto:

"Ke kin san ba sanyin hunturu ke tara ƙanƙara ba, raunin lokacin zafi ne. Kuma ba abin da ke narkar da ita sai zafi mai ƙarfi. Ni kafin ki zo shekara talatin nake taruwa."

Ta daɗe tana kallon wayar. Sannan ta rubuta:

"To Gobena. Ka je ka gaya wa Baba."

Ya je. Wato ya hau bene, ya tsaya a ƙofar ofis, ya gyara wuyan riga, ya shiga. Farfesa na zaune ya ba taga baya, takardu a gabansa a jere kamar ba a taɓa su ba.

"Ranka ya daɗe, dama wata magana ce, game da Auta."

"Ina babi na uku?"

"Yana nan tafe, ranka ya daɗe."

"Ɗalibina ba ya aure da kundi a buɗe. Mai kamun kifi biyu da hannu ɗaya, ruwa yake kamawa. Ka gama tukuna."

"In na gama fa?"

"Sai mu gani. Ba yanzu ba."

Ya gama babi na uku, Farfesa ya ce a ƙara samfur. Ya ƙara, aka ce a sake awo. Wanda zai sa hannu a kundin shi ne wanda zai ba da 'yar, kuma ya ɗaure kowanne da igiyar ɗayan. Wani saurayin da sai ya nemi manya su shiga maganar, ko ya yi fushi, ko ya yi zuciya ya bar garin. Sai Gobe masanin kimiyya ne. Ya ɗauki alƙalamin allo.

Auta ta shigo wata safiya ta tarar da layuka uku masu hawa da sauka a kan farin allon ɗakin, da na huɗu a ƙasa wanda ya haɗa su. Babu rubutu a jikinsu.

"Wannan wace lakar ce?"

Ya rufe ƙofa, ya rage murya, fuskarsa na ƙyalli kamar wanda ya gano sabuwar nahiya.

"Ba laka ba ce. Baba ne. Na lura fushinsa ba haka kawai yake zuwa ba. Akwai na mako, ranar taron sashe. Akwai na wata, farkon kowane wata, ban gano dalilinsa ba tukuna. Akwai na shekara, wanda ya fi kowanne zurfi. In ukun suka sauka tare, ranar ce za a roƙe shi ya ce to. Kamar dai ƙanƙara, Bazarata. Sai karkata da layi sun haɗa baki."

"Yaushe za su sauka taren?"

Ya nuna can ƙarshen allo, inda layin ya kusa faɗawa bango.

"Baɗi, cikin dogon hutu."

Ta zauna a hankali. Ta taga wasu takalma masu tsini suka wuce da sauri, suna da wurin zuwa.

"Gobena," ta ce, "ita ƙanƙara ba ta da ranar haihuwa. Ni ina da ita, kuma duk shekara sai ta zo."

"Lissafin ba ya ƙarya."

"Ban ce yana yi ba. Allah ya haɗa ni da maza biyu, kowanne in ka ce masa an jima sai ya ɗauka shekara dubu kake nufi."

A wannan tsakanin ne Likita ya shigo labarin, da ƙafar dama da mota mai sanyi. Likitan ido ne, ɗan ƙawar Gwaggo, ƙanwar Farfesa, wadda takan zo gidan duk ƙarshen mako ta buɗe tagogi ta rufe bakin kowa. Gwaggo ba ta da digiri a kan ƙanƙara, amma tana da ra'ayi a kan 'ya mace mai shekara ashirin da takwas da ke yini a rami.

"Ke Auta, wannan na ramin naku, mai sunan alkawarin tela, me yake jira? A busa ƙaho?"

"Yana lissafi ne, Gwaggo."

"Lissafi! Likita bai yi lissafi ba, ya ce yana so, ya ce yaushe. Namiji ke nan. Kuma ke kin san amfanin likitan ido a gidan nan, kada ki sa in yi magana."

Auta ta sani. Ita da Gwaggo da Likita kaɗai suka sani, kuma Farfesa ya sa ta rantse ba za ta faɗa ba. Yanar ido ce ta rufe masa ido biyu, a hankali, shekara da shekaru. Ita ke karanta masa wasiƙu, ita ke karanta masa kundin ɗalibai da yamma ya haddace gyaran, ita ke taka birki a inda da shi ke takawa. Aikin cire yanar ba wani babban aiki ba ne, Likita ya faɗa ya gaji. Amma ƙofar ɗakin tiyata ce, kuma Farfesa ya taɓa raka mutum bakin irin wannan ƙofa. Amsarsa ga Likita ita ce amsarsa ga kowa.

Sai Gobe bai san ko ɗaya ba. Abin da ya sani shi ne, a farkon wata, ya ga Auta ta fito daga wani asibiti, wani dogo mai farar riga yana riƙe mata ƙofar mota yana dariya da haƙora masu tsada. Bai ga Farfesa ba, don yana kujerar baya ya jingina kai, an ɗiga masa magani a ido. Masanin da ya gano fushin farkon wata ya tsaya a tsallaken titi da dalilin a gabansa, ya karanta shi a juye.

Saƙon da ya aika da yammar ya ce:

"Na ga motar, na ga mai farar rigar. Ba na tuhumarki. Duniya ma takan karkata wajen da ya fi haske. Allah ya sa haka ya fi alheri."

Ta amsa:

"Ko kishin ma sai ka yi shi da ladabi? Akwai abin da ba zan iya faɗa maka ba, ba nawa ba ne. Amma ga wanda zan iya: jirgin ya sake ba ni gurbi, sun ce wannan ne na ƙarshe. Gwaggo kuma ta ce manyan Likita za su zo ranar Asabar. Ka duba allonka ka gani ko Asabar tana ciki."

Ya duba. Asabar ɗin tana can ƙololuwar layin, inda fushin mako da na wata da na shekara suka hau kan juna, don a makon ne mahaifiyar Auta ta rasu. A duk shekarar babu rana mafi muni. Bai amsa saƙon ba.

Kwanakin da suka biyo baya sun zauna kafaɗa da kafaɗa ba mai cewa uffan. Rigar sanyi na rataye a bayan kujera ba ta taɓa ba. Firij na gurnaninsa. Ɗakin da ma ƙarami ne, yanzu ya zama kamar aljihu.

Ranar Alhamis Farfesa ya sauko da kansa, abin da ya daɗe bai yi ba, yana bin bango da hannu kamar mai duba ko fenti ya bushe. Ya tsaya gaban allo har hancinsa ya kusa taɓawa.

"Wannan fa?"

Sai Gobe ya miƙe. "Gwaji ne kawai, ranka ya daɗe. Zagaye uku da haɗuwarsu."

"Karanto mini tsawon kowanne, in ji ko ka san abin da ka zana."

Ƙarya tana buƙatar sauri, shi kuma ba shi da shi. "Bakwai. Talatin. Da ɗari uku da sittin da biyar."

"Dubbai?"

"E to... kusan haka, ranka ya daɗe."

Farfesa ya juyo ya fuskance shi. Auta ba ta ɗago daga madubi ba.

"Kuma kana jiran ukun su daidaita kafin ƙanƙara ta tafi."

"Haka ne."

"Shi ya sa ba ka gama ba. Sau nawa zafi mai ƙarfi ya zo ya wuce ƙanƙara na zaune daram? Ga shi nan a lakar da ke bayanka. Ba hasken kaɗai ba ne, yaro. Sai ta yi girma ta yi nauyi, ta danne ƙasar da ke ƙarƙashinta har ta nutsa, bakinta ya kai teku ya fara tsagewa. A lokacin ko matsakaicin zafi ya ishe ta. Ka zana rana ka manta da nauyi. Ba ni alƙalami."

Ya lalubi alƙalami a bakin allo, ya ɗauki wanda ya bushe tun bara, wanda ba wanda ya tuna ya jefar. Ya ja dogon layi daga hagu yana hawa a hankali, a hankali, sannan ya sako shi ƙasa gaba ɗaya. Alƙalamin ya yi ƙara a jikin allon. Ko ɗigo bai fito ba.

"Ka ga wannan layin?" in ji Farfesa, yana nuna farin allo da yatsa. "Taruwa a hankali, tafiya farat ɗaya. Ka gan shi?"

Sai Gobe ya dubi wurin da babu komai. Ya dubi idanun tsohon, karo na farko da ya yi ƙarfin halin dubansu, ya ga fari-fari a tsakiyarsu kamar madara a ruwa. Ya waiwaya. Auta na nan sunkuye a kan madubi.

"Na gani, ranka ya daɗe," ya ce. "Sarai."

Da Farfesa ya fita, ya jawo kujerarsa kusa da tata.

"Bazarata."

"Ban faɗa maka komai ba."

"Ba ki faɗa ba. Ki yafe mini maganar mota."

"Ba motar ce ta dame ni ba," ta ce, har yanzu idonta a madubi, ko da yake babu abin da za ta iya gani ta cikin hawaye. "In na tafi wa zai karanta masa? In na zauna wa zan zama? Likita aƙalla ya san inda ciwon yake. Kai kana can kana auna iska."

Ya buɗe baki, ta ɗaga masa burushi.

"In kalmar nan za ka faɗa, riƙe abarka."

Asabar ta zo da duk abin da allo ya yi alkawari, har da ƙari. Ranar Juma'a Farfesa ya tuntsure a matakalar sashe a gaban ɗalibai, ya tashi da filasta a goshi da mutunci a hannu. Gwaggo ta zo tun da hantsi ta sa an goge falo, an jera kofuna masu bakin zinariya da ba a fito da su ba tun rasuwar matar gidan. Ana jiran manyan Likita bayan la'asar.

Da azahar aka ƙwanƙwasa ƙofa. Gwaggo ta buɗe.

"A'a! Yau gobe ta yi ke nan?"

"Ina wuni, Gwaggo. Wurin Farfesa na zo."

"Ka zaɓi rana, ɗan nan. Ko makaho ya san yau ba..." Ta kama bakinta. "Shigo."

Farfesa na kan kujerarsa ta kullum, jarida a buɗe a cinyarsa don ado. Sai Gobe ya durƙusa a gefen kafet. Auta ta fito daga kicin da tiren shayi, ta tsaya cak a bakin ƙofa.

"Ranka ya daɗe, na zo neman auren Auta."

"Ina babi na biyar?"

"Babu shi. Ban rubuta ba."

"To ba yanzu ba."

Nan ya kamata a tashi taro, kamar kullum. Amma Auta ta ajiye tiren a kan tebur da ƙarfin da ya sa kofunan zinariya suka yi gaisuwa.

"Baba, na amsa wa jirgin yau da safe. Zan tafi bayan hutu, wata uku. Ko da aure ko babu, ko da wa."

Gwaggo ta dafa ƙirji. Farfesa ya juya fuskarsa wajen muryar, ya ɗan kauce mata kaɗan, kamar yadda yake yi kwanan nan.

"Ki tafi," ya ce a hankali. "Ki bar ni da wa?"

Shekaru yana cewa ba yanzu ba, yau ce rana ta farko da ya faɗi abin da ke ƙarƙashinta.

"Da ni," in ji Sai Gobe.

"Kai?"

"Ranka ya daɗe, alƙalamin nan na ranar Alhamis ba shi da tawada."

Gwaggo ta zauna a hannun kujera. Ba wanda ya dubi wani.

"Ban zo in ɗauke ta ba," Sai Gobe ya ci gaba. "Teku ce za ta ɗauke ta, kuma ta dawo da ita. Ni zama na zo yi. Ina da ido biyu, na iya tuƙi ko da yake a hankali, kuma duk jami'ar nan an shaida ba wanda ya kai ni iya jira. Zan karanta maka da yamma. Ranar da ka shirya shiga wurin Likita, ni zan zauna a bakin ƙofar, ba zan tashi ba sai ka fito. Ba sabuwar rana na kawo ba, ranka ya daɗe. Wadda ke akwai ce za a sake rabawa, don ta daɗe tana faɗa wa mutum ɗaya."

Farfesa ya naɗe jaridar, ya sake naɗewa, har ta zama kamar hankici.

"Bakwai, talatin, da ɗari uku da sittin da biyar," ya ce. "Ka ɗauka ban san kwanakin mako ba?"

"Tuba nake, ranka ya daɗe."

"Awonka daidai ne, fassararka ce ta banza. Ba taron sashe ke ɓata mini rai ba, shekara talatin ina barci a cikinsa. Matakalar hawa na uku ce, ba na ganin bakinta. Na watan kuma ka ga dalilinsa da idonka a bakin asibiti, ka tafi kana rubuta wa 'yata waƙar bankwana. Ita ke karanta mini saƙonni, wani lokaci takan manta ta shiga nata." Ya ajiye jaridar. "Na shekarar ka bar shi. Wannan ba ya cikin abin da ake lissafawa."

"Na bar shi."

"Auta."

"Na'am, Baba."

"Wannan mai atishawar kike so?"

"Shi ne, Baba. Na duba ko akwai kuskure a awon, babu."

Tsohon ya miƙa hannu cikin iska, ta zo ta durƙusa ta sa kanta a ƙarƙashinsa. Ƙanƙara takan yi shekara dubu casa'in tana taruwa ta tafi a dubu goma. Ta Farfesa ta tafi kafin shayi ya huce.

"Na ba ka," ya ce. "Allah ya yi muku albarka. Babi na biyar kuma ina jiransa."

"To yaushe za a ɗaura?" in ji Gwaggo, wadda ta riga ta sauya sheƙa ba tare da ta tashi daga hannun kujera ba.

Sai Gobe ya buɗe baki.

"Kada ka kuskura!" Auta da Gwaggo suka faɗa tare.

Gwaggo ce ta tari manyan Likita a waya tun suna hanya, ta ba su haƙuri da irin muryar da ke sa wanda aka yi wa laifi ya nemi gafara. Likita mutumin kirki ne, ya rasa mata ya sami majiyyacin da ya yi shekaru yana farauta. Shi ya cire yanar idon dama kafin biki. Sai Gobe ya zauna a bencin bakin ƙofa bai ko je shan ruwa ba, har aka turo tsohon a keke yana faɗa da ma'aikaciyar jinya a kan bargo.

Aka ɗaura aure cikin hutun shekarar, nesa da ranar da allo ya tsayar. Farfesa ya ga amarya da ido ɗaya sabo fil, ya daɗe yana kallonta, ya ce ashe ta yi kama da uwarta haka, ba wanda ya gaya masa. Gwaggo ta yi addu'a mai tsawo: Allah ya ba da zaman lafiya, ya kawo zuri'a ɗayyiba, ya sa su gado ilimin kakansu da haƙurin ubansu, saurin kuwa Allah ya sa su ɗauko na uwarsu. Aka shafa da amin mai ƙarfi.

Bayan hutu jirgi ya tashi da ita. Saƙonta na farko ya iso da yamma, ango na zaune a falo yana karanta wa surukinsa babi na biyar, ana tsayar da shi a kowane layi.

"Gobena, na ga teku. Ba ta da bango ko ɗaya, na duba ta kowane gefe. Yau muka ciro lakar farko, ni na fara taɓa ta. Yaya Baba? Yaya idon hagu, an sa rana?"

Ya karanta wa Farfesa. Tsohon ya gyara zama, ya yi gyaran murya, ya ɗauko tsohuwar amsarsa har ta kai bakin leɓe. Sai ya dubi surukin nasa da idon da ke gani, ya haɗiye ta.

"Rubuta mata," ya ce, "ka ce Litinin."